Ɗingishin Injin Fijo 504: Kafin A Kwance Kafireta, A Fara Duba Wayar Fulogi

A safiyar da aka kwana ana ruwa, ba sai an buɗe bonet ba ake gane tsohuwar Peugeot 504 da wutarta ke da rauni. Takan tashi da ƙyar, sitiyari na rawa a hannun direba, sandar giya na kaɗawa, salansa kuwa na fitar da sauti mai tsinkewa kamar tarin mai mura. A miƙaƙƙiyar hanya takan ɗan lafa har mai ita ya saki jiki. Sai an iso hawan Kugbo, tsakanin Nyanya da AYA, an danna totur, sannan ta fara fizga tana ja da baya, ga tirela na danno ta, ga agogo na nuna cewa lokacin sa hannu a ofis ya ƙarato.

Kanikawa na kiran wannan larura da suna misin. Abin da ke faruwa shi ne ɗaya daga cikin silinda huɗu na injin ta yi fashin ƙona man da aka aika mata, sai injin ya riƙa tafiya da ƙafa uku, yana ɗingishi. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa kai irin wannan mota gareji a Apo ko Zuba. Tun kafin a kashe inji wani zai ce, "Ranka ya daɗe, kafireta ce." Idan an wanke kafireta ba a ga sauyi ba, sai a koma kan ringi, daga nan a fara lissafin sauke inji.

Sau da yawa kuwa laifin na wata siririyar waya ce da ba ta kai tsawon hannu ba, wadda farashinta bai kai na rabin tankin mai ba. Gano hakan ba ya bukatar na'ura mai tsada. Abin da yake bukata shi ne a bi bincike daki-daki, daga abu mai araha zuwa mai tsada, kuma kada a sayi komai sai an tabbatar da inda ciwon yake.

Motar da ta yi wa gwamnati aiki

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka, tseren da ya yi suna wajen kassara motoci. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an ci gaba da fitar da 504 daga can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera samfurin salun.

A zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, manufar rage almubazzaranci ta sa 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta zama motar ma'aikata baki ɗaya: ita ce a harabar ma'aikatu, ita ce a ayarin gwamnoni, ita kuma mai rancen mota ke burin mallaka. Da aka mayar da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a ranar 12 ga Disamban 1991, cikin Fijo ma'aikata da dama suka kwaso iyali da takardu daga Legas. Bayan manufar mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi ta 2003, wadda ta rage yawan motocin ofis, da yawa daga cikinsu sun koma hannun ɗaiɗaikun mutane.

Shi ya sa har yau ake samun ta a gidajen ma'aikata da 'yan fansho. Wani ya gaje ta daga mahaifinsa, wani ya adana ta don tuna baya, wani kuwa ita ce kawai abin hawansa. A gidajen manya takan kwana a rumfa, lulluɓe da tamfol, kula da ita na wuyan direba ko wani hadimi. Matsalar ita ce garejin zamani ya saba da jona kwamfuta a jikin mota ta faɗi lambar cuta, tsarin da ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, ya kuma bi motocin da ake shigowa da su. Fijo 504 mai kafireta ba ta da inda za a jona kwamfuta. Bincikenta da kunne ne, da ido, da haƙuri.

Hanyar da wuta ke bi

Injin fetur da aka fi sani a 504 mai silinda huɗu ne, girmansa kusan lita biyu, a kishingiɗe gefe guda. A kowace silinda fistan na yin aiki huɗu a jere: ya zuƙo gaurayen iska da mai, ya matse su, tartsatsi ya kunna su su tura shi ƙasa, sannan ya kori hayaƙi. Idan aka rasa ɗaya daga cikin abubuwa uku, wato gaurayen mai daidai, matsi mai ƙarfi, da tartsatsi a kan lokaci, silindar ta yi fashi.

Tartsatsin na farawa ne daga batir, mai ƙarfin bolt 12 kacal. Kwantak da ke cikin distiributa na buɗewa yana rufewa, kuma duk lokacin da ya buɗe, kwayil na ɗaga wannan ƙaramar wuta zuwa bolt dubu goma ko fiye, wani lokaci ta haura dubu ashirin. Wutar na bin waya guda zuwa tsakiyar murfin distiributa, rota mai juyawa ta rarraba ta ga wayoyi huɗu, kowace ta kai ta kan fuloginta, inda za ta tsallaka wata 'yar tazara da ba ta kai milimita ɗaya ba.

Aikin ba ƙarami ba ne. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a kan babbar hanya, ana bukatar tartsatsi 6,000 a minti guda, wato ɗari a kowace daƙiƙa. Kowace wayar fulogi na ɗaukar wannan babbar wuta sau 25 a daƙiƙa, tana kwance a cikin zafin inji, da tururin baƙin mai, da girgiza.

Wutar lantarki kuwa hanya mafi sauƙi take bi. Muddin rigar wayar lafiya lau take, ba ta da mafita sai bakin fulogi. Da zarar roba ta bushe ta tsattsage, sai wutar ta samu kafa ta tsallaka jikin inji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙurar hunturu kan manne a jikin waya mai maiƙo, idan damina ta sauka ƙurar ta sha laima, sai ta zama tafarkin da wuta ke zurarewa. Wannan ne dalilin da ya sa motar da ta yi rani lafiya take fara ɗingishi da ruwan farko.

Akwai kuma dalilin da ya sa larurar ke ɓuya a sulo ta bayyana a hawa. Idan aka taka totur sosai, silinda na cika da gauraye, matsi ya ƙaru, tartsatsi kuma na bukatar ƙarin ƙarfi kafin ya ratsa matsattsiyar iska. Wayar da ke iya jure ƙaramin nauyi a tsaye sai ta gaza a daidai lokacin da direba ya fi bukatar ƙarfin motarsa.

Abin da ɗingishi ke ci

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a Abuja a watan Yulin shekarar, ta kuma zarce 1,000 a Oktoban 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. A irin wannan yanayi, silindar da ta mutu baki ɗaya na nufin kashi ɗaya cikin huɗu na man da ke shiga inji yana fita ta salansa ba tare da ya yi aiki ba. A cikin lita 40, goma sun tafi a iska, ban da ƙarin da direba ke ƙonawa yana danna totur don cike giɓin ƙarfi.

Asarar ba ta tsaya a aljihu ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe a bushe. Wani kaso na gangarawa cikin kaskon baƙin mai ya tsinka shi, ya rage masa kauri. Mai motar da ya yi watanni yana lallaɓa ɗingishi yana iya wayar gari da bukatar sauke injin da a da lafiyarsa ƙalau. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Mafi muni shi ne haɗarin hanya. Wanda ya fito wuce babbar mota a hanyar Lokoja ko ta Kaduna ya yi lissafinsa ne da ƙarfin silinda huɗu. Idan ɗaya ta yi fashi a tsakiyar wucewa, daƙiƙun da ya ware wa kansa sun ƙare.

A saurara kafin a taɓa

Tambaya ta farko ita ce: ɗingishin na da tsari ko kuwa barkatai yake? Idan yana maimaituwa a kan ƙa'ida kamar bugun ganga, galibi silinda ɗaya ce, kuma zargi na kan abin da ya keɓanta da ita: fuloginta, wayarta, ramin wayar a kan murfin distiributa, ko bawul ɗinta. Idan kuwa yana zuwa yana tafiya ba tsari, sai a nemi abin da duka huɗun suka yi tarayya a kai: kwantak, kwandansa, kwayil, wayar tsakiya, rota, ko hanyar mai.

Tambaya ta biyu ita ce yaushe yake zuwa. Wanda ke tsananta da safe ko bayan ruwan sama, ya kuma ragu idan inji ya yi zafi ya busar da laima, ya fi kama da zurarewar wuta a wayoyi ko murfi. Wanda ke fitowa a hawa ko lokacin fizgar gudu yana nuna raunin tartsatsi. Wanda ke damun mota a sulo kawai, ya ɓace idan an ƙara wuta, yakan zama iska ce ke shiga ta wata kafa a bayan kafireta, ko bawul da ya fara ƙonewa. Motar da ke tafiya lafiya sai ta daɗe a cunkoson Mararaba ta fara fizga har ta mutu, ta kuma tashi bayan ta huce, tana nuna kwayil ko kwandansa da zafi ke kayarwa. Jiƙa tsumma a ɗora wa kwayil, kamar yadda wasu direbobi ke yi, yana iya kai mota gida, amma bai warkar da komai ba.

Gano silindar da ta mutu

Gwaji mafi sauƙi na dare ne. A tsayar da mota a wuri mai duhu da iska ke ratsawa, a ja birkin hannu, a tayar da inji, a buɗe bonet a zuba ido. Wayar da ke zubar da wuta za ta nuna shuɗin ƙyalli a jikinta, sau da yawa tare da ƙarar tas-tas. Idan ba a ga komai ba, a fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sa inji ya tuntuɓe ita ce mai laifi.

Gwaji na biyu shi ne cire wayoyi bi da bi alhali inji na sulo. Idan aka zare wayar silinda mai lafiya, inji zai ƙara rawa, sautinsa ya faɗi. Idan aka zare ta matacciya, babu abin da zai sauya, domin dama ba ta ba da gudummawa. Wannan gwaji na bukatar taka-tsantsan. Ana yin sa da filaya mai rufin roba, da busasshen hannu, ba tare da jingina da jikin mota ba, kuma kada wayar ta wuce daƙiƙu kaɗan a cire. Mai ciwon zuciya, musamman wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugu, ya bar wa wani. A naɗe hannun riga, a tuɓe babbar riga, a cire igiyar katin shaidar ofis daga wuya, domin fanka da bel ba sa jira. Idan ana jin warin fetur ko ana ganin ɗigonsa, a fara gyara wannan tukuna. Motar da aka sauya wa kwantak da na'urar lantarki ta zamani kuwa, zare waya haka kawai na iya lalata na'urar, don haka gara a tsaya ga sauran gwaje-gwajen.

Da an gano silindar, sai a kashe inji, a bar shi ya huce, a yi musaya. A ɗauke fuloginta a kai wata silinda mai lafiya, a dawo da na can nan. Idan ɗingishin ya bi fulogi, an gama bincike. Idan ya tsaya a inda yake, a gwada silindar da wata waya da aka tabbatar da lafiyarta. Idan har yanzu bai gusa ba, to matsalar ta wuce waya da fulogi.

Fulogin 504 na zaune ne a can ƙasan wani rami mai zurfi da ya ratsa murfin bawul, kuma akwai ƙarin sanda mai rufi da ke sada shi da waya. Wannan rufin ma yana tsagewa ya zubar da wuta, a wurin da ido ba ya gani ko da dare. Haka kuma idan robar bakin ramin ta tsufa, baƙin mai na taruwa a ciki ya jiƙa komai. Duk wanda ya sauya waya bai leƙa ramin ba ya yi rabin aiki. Kafin a kwance fulogi a hure ƙasar da ke ramin, kada ta faɗa cikin silinda. Kan injin na alminiyam ne, zarensa ba ya son ƙarfi: a kwance fulogi inji na sanyi, a kuma fara ɗaura shi da hannu kafin a sa sifana.

Bakin fulogi na ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka alamar lafiya ce. Baƙin gawayi busasshe na nuna mai ya yi yawa ko tartsatsi ya yi rauni. Idan duka huɗun ne suka yi baƙi, a nan ne kafireta ko matatar iska ke shiga zargi, amma idan ɗaya ne tak, kafiretar da ke ciyar da duka huɗun ba ta da laifi. Fulogin da ya jiƙe da fetur wuta ce ba ta isa gare shi ba. Wanda ya yi damtsam da baƙin mai na nuna ringi ko hanyar bawul. Wanda ya yi fari fat na nuna zafi ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan.

Ita kanta wayar ana lanƙwasa ta a hankali a duba tsaga, ƙuna, taurin roba, ko cizon ɓera, abin da ya zama ruwan dare a motocin da ke daɗewa a ajiye. A duba ƙarfen bakinta ko ya yi tsatsa ko kore. Mai mitar awon wuta, irin wadda kowane mai rewaya ke da ita, zai iya auna turjiyar kowace waya. Mai zuciyar tagulla kusan sifili take nunawa, mai zuciyar gawayi kuwa dubban om. Abin lura shi ne a kwatanta su: doguwa ta ɗan fi gajera, amma wadda ta ninka 'yan uwanta sau da yawa, ko mita ta ƙi motsi a kanta, ko adadin ya riƙa tsalle idan ana lanƙwasa ta, ta tsinke a ciki.

Sauya wayoyi

Idan waya ɗaya ta mutu saboda tsufa, sauran ma suna hanya, domin tare suka sha zafi. A sayi saiti cikakke, huɗu na fulogi da ta kwayil. A tafi kasuwa da tsohuwar waya a hannu, ko Apo ne, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, don a gwada tsawo da irin baki. Mai rigar silikon ta fi jure zafi. Mai zuciyar tagulla zalla na daɗewa, sai dai tana sa rediyo ƙara idan babu abin rage hayaniya a bakinta ko a fulogi. Jabun kaya sun yi yawa, kuma araha ba ta ado: wayar da bakinta ke zarewa da ɗan ja, ko robarta ta yi tauri tun tana sabuwa, ba za ta ga damina biyu ba.

Ƙa'idar aikin guda ce, kuma ita aka fi karyawa: ɗaya bayan ɗaya. Inji na sanyi, makulli a aljihu. A ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar salula, a jera sababbin bisa tsawo. A kama hular robar tsohuwar waya, a murɗa kaɗan, sannan a ja. Jan igiyar kanta na tsinka zuciyarta. A share ramin da ke kan murfin distiributa, a tura sabuwar har a ji ta zauna daram a duka ɓangarorin biyu, a bi da ita ta hanyar da tsohuwar ta bi, cikin maƙalanta. Sai an gama da wannan sannan a taɓa ta gaba. Ta kwayil ce ta ƙarshe.

Kada a ɗaure wayoyin wuri guda kamar damin itace, domin wutar wata na iya tsallakawa cikin wata. Kada su kwanta a kan ƙarfe mai kaifi, ko kusa da bututun hayaƙi, ko inda sandar totur za ta goge su. Tun da an zo wurin, a buɗe murfin distiributa a duba cikinsa. Siririn baƙin layi kamar zanen fensir alama ce ta hanyar da wuta ta haƙa wa kanta, kuma irin wannan murfi sauyawa ake yi. A duba ɗan gawayin tsakiya ko yana lotsawa ya dawo, a duba bakin rota ko ya cinye.

Tarkon silinda ta ɗaya

Wanda ya zare wayoyin gaba ɗaya ba tare da alama ba ya jawo wa kansa aiki. Jerin wutar injin shi ne 1-3-4-2, ana bin sa a kan murfi ta inda rota ke juyawa. Sai dai akwai tarko. A al'adar Peugeot, silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda ke kusa da giya, saɓanin yawancin motocin Japan da matasan kanikawa suka saba da su, inda ake fara ƙirga daga wajen lagireto.

Abin mamaki shi ne jerin 1-3-4-2 yana fita daidai ko daga gaba aka ƙirga ko daga baya. Abin da ke sauyawa shi ne mafari. Wanda ya ɗauki ramin lamba ɗaya na murfi ya kai wa silindar gaba zai aika wa kowace silinda tartsatsi a ƙarshen fitar hayaƙi maimakon ƙarshen matsi. Motar ba za ta tashi ba, sai dai ta riƙa harbi ta kafireta ko ta salansa. Idan kuma wayoyi biyu ne kawai suka sauya wuri, takan tashi a kan silinda biyu tana kakkarwa. A nan ne gyara ke zama gyaran gangar Auzinawa: an kawo mota tana ɗingishi, an mayar da ita gurguwa, sai a fara murɗa distiributa da kafireta ana neman laifin da hannu ya haifar.

Mafita ita ce a cire fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin, a juya inji a hankali har a ji iska na turowa, a kai fistan ƙololuwa bisa alamar da ke kan fulin gaban inji. Inda bakin rota ya nuna a lokacin, nan ne ramin wayar wannan silinda. Sauran su biyo baya bisa jeri. Wannan hanya ba ta dogara da rubutun murfi ba, don haka tana aiki ko da wani ya taɓa cire distiributa ya mayar da ita a karkace.

Idan ɗingishi bai tafi ba

Bayan sababbin wayoyi, a gwada motar a hawa, a babbar giya, domin sulo kaɗai ba shaida ba ne. Idan larurar na nan, mataki na gaba shi ne kwantak. Tazararsa a buɗe kimanin milimita 0.4 ce, ta fulogi kuwa kimanin 0.6 a tsarin asali. Kwantak da fuskarsa ta ƙone ta yi ramuka yakan nuna kwandansa ta gaza, kuma tare ake sauya su. Duk lokacin da aka taɓa tazarar kwantak, lokacin wuta ya motsa, sai an sake saita shi.

Daga nan sai hanyar mai da iska: matatar mai, famfo, ruwa ko datti a tanki, fetur da ya kwana watanni a motar da ba a hawa, da tiyo-tiyon da suka tsage suna shan iska. A wannan mataki ne wanke kafireta ke da ma'ana. Na ƙarshe shi ne awon matsi, wanda ake yi da agogo na musamman a ramin kowane fulogi. Bai kamata silinda ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Idan ɗaya ta faɗi, a fara duba tazarar bawul ɗinta, domin bawul da aka ɗaure da yawa ba ya rufuwa, kuma saita shi aikin ƙasa da awa guda ne. A zuba cokali ɗaya na baƙin mai a silindar a sake awo: idan matsi ya tashi, ringi ne, idan bai tashi ba, bawul ne ko gaskit. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare sun fi nuna gaskit ya ƙone a tsakaninsu.

Ga wanda aka aika gareji

Ba kowane mai mota ne zai sa hannu a inji ba, kuma sau da yawa direba ko hadimi ne ke tsayawa a gaban bakanike, shi ne kuma zai koma ya yi wa maigida bayanin inda kuɗi suka tafi. Tambayoyi kaɗan sun ishe shi kariya. Wace silinda ce ba ta aiki, kuma ta yaya aka gane? An musanya fulogi da waya an ga ko laifin ya bi su? An leƙa ramin fulogi da cikin murfin distiributa? Idan an ce a sauke inji, ina adadin awon matsi na silinda huɗun? Ya kuma nemi a ba shi tsofaffin kayan da aka cire.

Ƙwararren bakanike ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin da su shi ma yake aiki. Har yanzu akwai dattawan da suka koyi sana'a a kan Fijo tun tana motar gwamnati, masu iya faɗin silindar da ta yi fashi daga sautin salansa kawai. Wanda ya dace da irinsu ya riƙe su da kyau, ya kuma tsaya kusa ya kalli yadda suke aiki. Ga motar da ke kwana a rumfa, tayar da ita sau ɗaya a mako har inji ya yi zafi sosai, da goge wayoyinta da busasshen tsumma kafin ruwan farko ya sauka, sun isa su hana yawancin ɗingishin da ke kai ta Apo.